Kunun da Ya Kwana: Takarda Zuwa ga Bawana Ba'are

Bawana Ba'are, ɗan gindin Tozon Bijimi, mai tsaga daga baki har kunne don dariya ta samu hanyar wucewa, ina gaisuwa. Ba don ka cancanta ba, sai don ubangidan kirki shi ke fara tambayar lafiyar bawansa. Ina gida, ina iyali, ina jakin nan naka da ya fi ka sanin hanyar Matankari? To, madalla.

Labari ya iske ni har ruga cewa ka sake hali. Tun da ka sauko daga jirgin alhazai da haƙorin Makka a baki, in aka ambaci burkutu a fada sai ka tsuke fuska, ka jawo casbi, ka ce: "Burkutu? Mi ke nan? Mu dai ba mu san shi ba, sai ko can wajen Gaya." Haba, Alhaji Tsiro! Ba wanda ya tambaye ka fa. Hirar duniya ake, kai kaɗai ka zabura kana kare kanka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Kwantar da hankalinka, ban ce ka sha ba. Ni shaida ne a kan sallarka, har goshinka ya fara baƙi, ko da yake magulmata na cewa ka ɗan taimaka masa da dutse. Abin da na ƙi shi ne ka ƙaƙaba wa kakanninka rawanin da ba su taɓa naɗawa ba. Mutanen nan ba su ɓoye kansu ba, kai me ya kai ka ɓoye su?

Bari in tuna maka, tunda karatunka ya tsaya a lissafin buhunan dankali. Ƙasarku ta Arewa ƙasar Azna ce tun fil'azal. Gubawa ke riƙe da ƙasa da iskokinta, Sarauniya tana Lugu, Baura yana Bagaji, kafin naku kakan ya iso daga Barno ya samu sarauta, in ji ku. Da Shehu ɗan Fodiyo ya ɗaga tuta a 1804, biranen Hausa suka bi ɗaya bayan ɗaya, ku kuka toshe kunne. Mutanen Gwandu sun sha wuya a hannunku, har Samna Karfe na Tibiri ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa suka hana mu shayar da shanu cikin kwanciyar hankali. Na yafe, amma yana rubuce. A watan Afrilu na 1899 kuma, rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar ƙauyuka toka tun daga bakin kogin Kwara, ta iske Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙi miƙa wuya. A nan kam na sara muku. Ban ce mazajen sun leƙa ƙoƙo kafin su ɗauki baka ba. Ban kuma ce ba su leƙa ba.

Kada ka ce tsohon zance ne. A ƙarshen shekarun 1980 wata Baturiya, Adeline Masquelier, ta zauna Dogondutsi tana bin ƴan bori, littafin da ta fitar a 2001 kuwa sunansa ma kukan tsofaffinku ne, wai salla ta ɓata musu komai. Astagfirullah! Ba ni na faɗa ba, naka ne suka faɗa, ita ta rubuta. To a waccan duniyar ta Azna giya ba abin ɓoyo ba ce. Ita ake kai wa ƴan gayya a bakin gona in rana ta take, ita ake sha a biki da makoki, ita ake zuba wa ƙasa in za a roƙi iskoki. Mata ne masu dafa ta, abin da ta kawo kuma nasu ne, daga ciki ake sayen akuya da zane da kayan ɗakin ɗiya. Kai kuma ka ce a duk tsawon Dallol Mawri, daga Matankari har Geceme, gidanku kaɗai hayaƙin ya tsallake? In kana da gaskiya tashi mu tafi gaban Tunguma, dutsen da ke tona ɓarayi. Na san amsarka: yanzu kai Alhaji ne, ba ka zuwa wurin dutse. Dabara ta yi kyau, Allah ya ƙara basira.

Yanzu gyara zama in karanta maka sana'ar kakarka, don wallahi ilimi ce, ba shirme ba.

Ba da wuta ake farawa ba, da yaudara ake farawa. Ƙwayar dawa ko ta hatsi ajiya ce: gari ne Allah ya ƙunshe wa tsiron da zai fito, guzurinsa kafin ya kafa saiwa. Garin nan ba shi da zaƙi. Sai tsohuwa ta jiƙa dawar kwana ɗaya ko biyu, ta tsame, ta baza a inuwa, ta lulluɓe da ganye ko tsohon buhu, tana yayyafa ruwa safe da maraice. Ƙwaya ta ɗauka damina ce ta sauka, ta farka, ta shiga haɗa wani sinadari mai narkar da gari ya koma sukari. Kwana uku zuwa biyar, tsiro ya leƙo. Kafin ya taɓa guzurin sosai, sai ta kwashe ta shanya a rana. Damina ta ƙare ke nan. Ƙwaya ta gama haɗa kayan aiki, ba ta samu sha ba. Irin wannan wayon, bawana, ko dillalin shanu sai ya rusuna ya gaishe ta.

A nan akwai wurin da ni Bahillace na fi ka sani. Ɗanyen tsiron dawa dafi gare shi. Duk makiyayi ya san in saniya ta faɗa gyauron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, tana iya zubewa kafin ka laluba wuƙa. Kakarka ta san wannan ba tare da ta rasa saniya ko ɗaya ba, don dama ba ta da ita. Shi ya sa in tsiro ya bushe ake murje saiwoyin da ƴan kunnuwan a sheƙe su, abin da ya saura kuma doguwar dafuwa ta kore shi.

Daga nan sai a ɓarza, a dama da ruwa a babbar randa, a bar shi ya kwanta. Wasu kan jefa karan kuɓewa ko ɓawon dargaza, yauƙin ya ja garin ƙasa. To ga inda gwaninta take, buɗe kunnuwan nan naka da tsaga ta nuna musu hanya. Garin dawa ba ya nuna sai zafi ya haura 70 a ma'auni. Shi kuwa sinadarin nan mai yin sukari, a daidai wannan zafin yake fara mutuwa. In ka dafa su tare ka kashe shi, in ka ƙi dafawa ba shi da abin narkarwa. Sha'ir ɗin Turawa ba shi da wannan rigimar, shi ya sa suka daɗe suna raina dawa. Tsohuwa kuwa, wadda ba ta taɓa ganin ƙofar lakwal ba, sai ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe, sinadarin yana ciki lafiya lau. Ta dafa ƙullun ƙasa shi kaɗai har ya nuna, ta bari ya ɗan huce, sannan ta mayar masa da ruwansa. Masana sun zo daga baya, sun auna, sun tarar hanyar ke nan, suka rubuta takardu aka ba su digiri. Ita ko goro ba wanda ya miƙa mata.

Sai a bar shi ya kwana ya yi tsami. Washegari a tace, a ɗora ruwan a wuta, itace na ci, tsohuwa na kwashe kumfa, awa da awanni, har ya yi ja ya yi zaƙi. Riƙe wannan matakin a ranka, don da shi zan ɗaure ka. A nan babu maye ko ɗigo, yara ma ana ɗiba musu. In ya huce ne ake zuba iri, wato guntun dafuwar da ta wuce wanda aka adana. Cikin dare randa ta kama tafasa ba wuta a gindinta: yis ne ke cin sukari, yana fitar da iska da barasa. Da safe an shirya. Mako guda cur ana wahala, amma rayuwarta kwana ɗaya ce ko biyu. Ba ta jiran kowa, ba ta tafiya nesa. Shi ya sa kowace mai dafuwa da ranarta, kowace da hannunta, mashaya kuma sun san ta wane gida ce ta fi kauri, ta wane gida ce ke sa dattijo ya tsaya ya gai da kututture har da tambayar iyali.

Kar ka tambaye ni inda na koyi wannan duka. Dusar da aka tace ai dabbobi ke ci, mai dabba kuwa dole ya san ranar da za a tace.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, abin nan da kake gudu, duniya ta buɗe masa ƙofa ta shimfiɗa masa tabarma. Maƙwabta dama ba su taɓa ɓoye tasu ba: dolo a Burkina da Mali, cukutu a Benin da Togo, pito a Gana, bilbil a Kamaru da Cadi, capalo a Kwaddibuwa. A kudancin Afirka har kamfani ya zuba ta a kwali ya sa mata suna Chibuku. Amma labarin Amurka ya fi ba ni dariya. Sun hana giya gaba ɗaya daga 1920 zuwa 1933. Da suka sake ta, dafa ta a gida ya ci gaba da zama laifi har 1978, shekarar da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta yarda baligi ya dafa galan 100 a shekara don kansa. Daga nan samari masu gemu suka cika garejin iyayensu da tukwane da ma'aunai, wasu suka buɗe ƴan ƙananan kamfanoni, yau sun kai dubbai. Taƙamarsu wai ta hannu ce ba ta inji ba, ana yin ta kaɗan-kaɗan, a sha ta a unguwar da aka dafa ta, an san mai dafuwa da sunansa. Alhaji, don Allah, wannan ba kakarka suke siffantawa ba?

Ka ga yadda suke sha ma. A ɗaga kofi a duba a haske, a cusa hanci a shaƙa, a kurɓa a juya a baki, a lumshe ido, a ce ana jin ƙamshin lemo da na ciyawa. Cikin waɗanda suka fi yayi kuwa akwai biyu: mai gurɓi wadda ba ka hango yatsanka ta cikinta, da mai tsami. Wato aibi biyun nan da ƴan bariki suka riƙa yi wa burkutu gori da su, lokacin da Bière Niger mai hoton raƙumin dawa ta shigo gari, kowa ya ga kwalba ya raina ƙoƙo. A Beljiyam akwai wadda ake kira lambik, da gangan ake barin ruwanta a buɗe ya kwana don yis ɗin da ke yawo a iska ya faɗa ciki, kuma ba ta arha. A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin gadon duniya. Kada ka ji haushi, wannan zagin da nake maka, wato taubasantakar Nijar, tun 2014 aka sa shi. Mun riga su da shekara biyu, namu kuma ba ya sa ciwon kai, sai dai ga mai laifi.

Dawar ma sun biyo ta har gida. A 2006 wani babban kamfanin Amurka ya fitar da Redbridge, ta dawa, don masu ciwon da cikinsu ba ya karɓar alkama da sha'ir. A birnin New York kamfanin Brooklyn Brewery ya dafa da acca. Ƴan uwanmu na Najeriya kuwa tilas ce ta koya musu: a 1988, zamanin Babangida, aka hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, manyan kamfanoni suka koma neman farafara da kaura a hannun manoman Arewacin ƙasar. Injiniyoyi suka yi ta gumi kan rigimar nan ta zafi da sinadari, wadda tsohuwa ta warware da ƙwarya da ludayi.

To ga inda na kama ka. Ranar sunan jikanka, katan-katan na Maltina aka sauke maka daga iyakar Kabi. Ka zauna bisa kujera kana rabo, kana ɗaga gwangwani kana cewa: "Bismilla, Malam, wanga na manya ne." Ka san abin da ke ciki? Ruwan tsiro ne, da dawa a cikinsa, aka dafa, aka tace, aka ƙara sukari, aka hana shi haɗuwa da yis. Wato matakin nan da na ce ka riƙe. Abin da kakarka ke ɗiba wa yara kyauta a ludayi don su bar ta ta yi aiki, shi kake zubar da jikka-jikka kana saye, har kana hana yara taɓawa. Ka musanta tsohuwa a fada da rana, ka sha girkinta a gwangwani da dare. Wannan ko Bahillacen da ya sayar da sa ya sayi rediyo bai kai ka ba.

Ba cewa nake ku koma ɗora randa ba, Allah ya kiyashe ni da fushin limamin unguwarku. Randar maye ta tafi, Allah ya raka taki gona. Amma tsiro ba shi da laifi. Ilimin jiƙawa da shanyawa da tsiyayewa halal ne tsantsa, yana nan a hannun tsofaffin mata, kowace ta rasu kuma da nata take tafiya, don jikoki irinka sun ce ba su san ta ba. Ga hatsi, ga dawa, ga rake a Dallol wajen Tibiri da Dumega. Ga motocin Yamai masu zuwa Maradi da Damagaram, duk ta Kore Mai Ruwa da Dogondutsi suke bi, cike da fasinjoji masu ƙishi. Me zai hana matan Arewa su dafa ruwan tsiro mai zaƙi, su sa a sanyi, su tare su da shi a bakin hanya? Shawara ce ta kyauta daga ubangida, ka kai wa uwargida, ta fi ka kai.

Sharaɗi ɗaya ne: kada a ba ka ajiyar kayan. Don ni na san halinka da kunu. Uwargida ta dama kunun zaƙi da tsiro da la'asar, kowa ya shanye nasa, kai sai ka dafe ciki ka ce ka ƙoshi, a ajiye maka naka bayan randa. A zafin watan Afrilu fa! Washegari da hantsi a iske ka gindin bedi kana kurɓa, kana cewa kunun jiya ya fi albarka, kana yi wa zakara nasiha kan yawan aure. Malamai dai ba su bar ƙofa ba: duk abin da ke juya hankali haram ne, ƙoƙo ne ko cokali. Sun kuma ce in abin ya juye da kansa ya zama khal, wato binega, ya tsarkaka. Ka ga ke nan halal ne ranar farko, halal ne ga wanda ya yi haƙuri har ƙarshe. Kai kuwa Allah ya yi ka mai son tsakaitawa, kullum a tsakiya ake iske ka.

Wasa nake, sauke sandar. Kunun dare ɗaya tsami yake yi fiye da komai, ba zai kayar da ko ɗan tsako ba. Nasihar da kake yi wa zakara kuwa halinka ce tun kana yaro, ba ka buƙatar taimakon kunu.

Na san abin da kake tanada. Za ka ce Bahillace mai ƙwaryar da ba ta san sabulu ba, nono ma ai kwana yake yi. Gaskiyarka, sau ɗaya a shekara Allah kan ba ka ita. Ƙwayoyin da ke tsamar da nono dangi ne na waɗanda ke tsamar da burkutu a darensa na farko, mu ma kuma daga na jiya muke ɗibar iri mu zuba a na yau. Bambancin shi ne namu a tsami yake tsayawa, ya san iyakarsa, naku kuwa sai ya zarce, halin masu shi. Ba a taɓa ganin wanda ya sha hura da nono ya tuɓe riga ya nemi kokawa da rumbu ba, iyakarsa ya nemi inuwa ya yi barci. Kuma kafin ka zagi ƙwaryar nan, tuna cewa ranar da matanmu ba su shigo gari ba, da ruwan tsamiya kuke dama hurarku kuna ɓata fuska.

Saura maganar haƙƙina. In watan shara ya kama, ina jiran dami biyu na hatsi, da buhun dankalin nan da kake taƙama da shi, da rake mai kauri, ba irin wanda akuya ta ƙi ba. Zan zo da kaina in karɓa. In uwargida za ta yi mini kunu, a dama shi a gabana, in sha a gabanta, abin da ya rage kuma a ba yara nan take, kada wani Alhaji ya ce a ajiye masa.

Amsarka kuma ina jira a wannan shafin, in kana da bakin yi. Ka zage ni son ranka, ka haɗa da shanuna da malfata da siraran ƙafafuna, duk na yafe tun kafin ka fara. Roƙona ɗaya ne: ka rubuta ta da sassafe, kafin ka leƙa bayan randa, don ta bayan hantsi ko mushen da ya koya maka biro ba zai iya karanta ta ba.

Ubangidanka na dindindin,
Bahillacen Dallol